Tsargiya a Birnin Kano: Ƙwayar Magani Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Masu nazarin tsutsotsi sun daɗe da sanin cewa dodon koɗi, mai kwanso da marar kwanso, masauki ne na tsutsotsi iri-iri. A 1935 aka gano wata a huhun ɓeraye a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wadda ke bi ta jikin dodon koɗin tudu, in mutum ya haɗiye ta a ɗanyen ganye ta kai masa har ƙwaƙwalwa. Namu na cikin birnin Kano kuwa na ruwa ne, ɗan mitsitsi, bai fi ƙumbar yatsa ba, yana manne ƙarƙashin ganyen bado ko tsohuwar leda a kududdufan da haƙar ƙasar gini da ta ganuwa ta bar mana. Shi ke rainon tsutsar tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851.

Mu da ke duba fitsarin yara a madubin gwaji mun san ƙwanta sarai, mai ɗan tsini a gindi. Yaro ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta shiga dodon koɗi, bayan 'yan makonni dubbai su fito, yawanci da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka, su huda fata. Wannan tsutsa ke kawo fitsarin jini, don haka ba alamar balaga ba ne, ba kuma zafin rana ke kawo shi ba. In aka bar shi, yana lalata mafitsara da ƙoda, har ya kai ga ciwon daji.

Za a ce ai ana raba Praziquantel kyauta a makarantu. Gaskiya ne, kuma kada uba ya hana ɗansa sha. Sai dai maganin manyan tsutsotsi yake kashewa, bai cika taɓa ƙanana ba, ba ya kuma hana sake kamuwa, ga shi almajirai da yaran da ba sa zuwa boko sukan kuɓuce wa rabon. Wasu kuma su ce a cike kududdufan a huta. Wannan ya fi ban tsoro, domin su ne ke shanye ruwan damina, kuma unguwannin da aka cike nasu aka yi gini sun san ambaliya. Abin da zai katse zagayen shi ne fitsari ya daina kaiwa ga ruwa: ban ɗaki a kowace tsangaya da makarantar allo, rijiyar burtsatse kusa da inda ake wanki, da masu unguwanni da za su sa a riƙa yashe ciyawa da sharar bakin kududdufi kafin ruwa ya cika.