Yadda Ake Kai Yaro Gwajin 'Yan Ƙwallo Ba Tare da An Tafka Asara Ba

Da zarar kaka ta yi, masara ta shiga buhu a Funtua da Malumfashi da Bakori, sai sanarwar gwajin 'yan ƙwallo ta fara yawo a WhatsApp, wai masu neman 'yan wasa za su zo daga Turai, a hanzarta sayen fom. Nan take masu ba da shawara za su ce a kai yaro tun yana ɗan shekara 12 domin idon manya ya saba da shi. Muguwar shawara ce.

Fara da ƙidaya shekarun ɗanka na gaskiya. Dokar FIFA ta hana ƙungiyar wata ƙasa ɗaukar ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba, in ban da 'yan keɓaɓɓun dalilai, kamar iyaye su yi ƙaura can saboda wata hidima da ba ta ƙwallo ba. Ahmed Musa, da ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar Najeriya yana Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan wasa. To, me baƙo zai yi da ɗan shekara 12? Ko ya yaba masa, ba shi da ikon ɗaukarsa, kuma nan da shekara huɗu jikin yaron ya sake: wanda ya riga tsara girma an kamo shi, tsiririn da aka raina ya zama ƙato. Ga shi gwajin yini ɗaya ne, yara rututu a fili, kowa ya taɓa ƙwallo na 'yan mintuna, mai ƙirar jiki shi ake gani.

Za a ce ai wanda ba a gani ba, ba a ɗaukarsa. Gaskiya ne, amma ganin da ke da amfani shi ne na kocin da ke kallon yaro mako bayan mako. Saboda haka kafin ya kai 15 ko 16, bar shi a ƙungiyar unguwa da gasar makarantu. Kuɗin fom da na mota zuwa Kaduna ko Abuja, da kan lashe buhun masara ko fiye, sayo masa takalmin ƙwallo daidai ƙafarsa, ragowar a sa a abinci da kuɗin makaranta.

In lokaci ya yi, binciki masu shirya gwajin. Wace ƙungiya ce za ta ɗauki yaran? Hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Katsina ta san da zamansu? Wanda ya kira kansa wakilin 'yan wasa ya nuna lasisinsa na FIFA. Duk wanda ya nemi kuɗin biza ko na jirgi daga aljihunka, tashi ka ba shi wuri, domin ƙungiyar da ke son yaro ita ke ɗaukar ɗawainiyarsa.

Kada kuma ka yarda wani ya ce a rage wa yaro shekaru. Tun 2009 FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, kuma an sha sallamar yara daga sansanin Najeriya a kan haka. Karɓo masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun yanzu, ka tabbata ranar da ke cikinta ita ce a lambarsa ta NIN da takardun makaranta. Ranar gwajin kuwa, babba daga gida ya raka shi, kuma kada a sa hannu a kowace takarda a bakin fili, a kawo ta gida wanda ya san doka ya karanta.