Gidan Dabbobi Da Da Yanzu

A zamanin da, yaron Gwandu ko na Kalgo ba ya ganin kura da rana sai in gardawa sun zo da ita kasuwa, an sa mata takunkumi, ana jan ta da sarƙa. Gidajen dabbobi na farko ma ba su fi wannan da yawa ba. A irin su na birnin Landan, wanda aka buɗe cikin 1828, an daɗe ana kulle zaki cikin ɗan kejin ƙarfe. Dabbar da ta saba ratsa daji cikin dare ɗaya sai ta wuni tana kai da kawowa wurin da bai fi ɗaki ba. Da yawa ba su daɗe, sai su rame su mutu.

Cikin 1907 wani Bajamushe mai suna Carl Hagenbeck ya zo da sabuwar dabara a Hamburg. Ya fara auna iyakar tsallen zaki, sa'an nan ya haƙa ƙaton rami wanda ya fi ƙarfin tsallen nan, kamar gwalalon da kakanninmu ke yi bayan ganuwa. Ya ba dabbobin fili da duwatsu da inuwa. Mutane na nan, zaki na can, ba ƙarfe tsakani, amma ba dama ya ƙetaro. Ƙasashe da yawa suka kwaikwayi wannan. Daga baya aka ƙara da likitocin dabbobi, da wurin keɓe wadda ba ta da lafiya.

A Kano kuwa, Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa gidan dabbobi cikin wani babban fili mai itatuwa. Sa'an nan wurin gefen gari ne. Yanzu gari ya kewaye shi, titin da ke gabansa ya cika da kantuna da motoci.

Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Cikin Oktoba 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka rufe gidan, maƙwabta suka kwana cikin tsoro. Allah ya sa bai fita waje ba. Wurin awaki ya faɗa, ya ci ya ƙoshi, kafin a samu a mai da shi.