Hilde Bruch, Likitar da Ta Saurari Masu Ƙin Abinci

A shekarar 1934 wata likitar yara Bajamushiya mai suna Hilde Bruch ta sauka a birnin Niyok tana da shekara 30. Bayahudiya ce, mulkin Hitler ya raba ta da aikinta da ƙasarta, ta ɗan zauna a Landan sannan ta tsallaka Amurka. Abin da ya fara jan hankalinta a titunan birnin da asibitin yaran da ta kama aiki shi ne yawan yara masu ƙiba fiye da kima. Likitocin zamanin sun riga sun yanke hukunci cewa laifin wata 'yar halitta ce da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai sarrafa sinadaran girma. Bruch ta yi ta auna yaran, tsawonsu da ƙashinsu da lokacin balagarsu, ta tarar yawancinsu suna girma daidai, wasu ma sun riga tsaransu. Sai ta juya ga tambayar da ba a cika yi ba: me ke faruwa a gidajen nan lokacin cin abinci?

Amsar ta fito a 1940, cikin wata maƙala da ta rubuta tare da Grace Touraine a mujallar Psychosomatic Medicine, wadda ke nazarin yadda damuwar zuciya ke bayyana a jiki da yadda ciwon jiki ke taɓa tunani. Sun nuna gidajen da abinci ya zama amsar kowane kuka: yaro ya ji tsoro a ba shi abinci, ya yi fushi a ba shi abinci, a kuma hana shi fita wasa don gudun kada wani abu ya same shi. Wannan binciken ne ya kai Bruch jami'ar Johns Hopkins a 1941 don ta koyi likitancin ƙwaƙwalwa, kuma daga yara masu ƙiba ta gangaro kan 'yan matan da ke hana kansu abinci har su kusa mutuwa.

Ciwon ba sabo ba ne. William Gull a Ingila da Charles Lasègue a Faransa sun siffanta shi a 1873, kuma Gull ne ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi har yau, anoreksiya. Amma bayan 1914 an shafe shekaru ana rikita shi da lalacewar waccan halitta ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ana neman maganinsa a allura.

A 1962 Bruch ta fitar da maƙalar da ta canza yadda ake kallon ciwon, a wannan mujalla dai. Abu uku ta ce ta gani a marasa lafiyarta. Na farko, idonsu na yi musu ƙarya game da jikinsu: yarinya ta rame har haƙarƙarinta ana ƙirgawa, amma ta tsaya gaban madubi ta rantse ba ta ga wata rama ba. Na biyu, ba sa iya karanta saƙon da jikinsu ke aiko musu. Yunwa da ƙoshi da gajiya, har da ɓacin rai, duk sun cakuɗe musu. Na uku shi ne wanda ta fi ba nauyi, kuma shi ne ya fi wuyar ganewa daga waje. Yarinyar da kowa ke gani mai taurin kai, a cikin ranta ji take ba ta da iko da komai a rayuwarta, duk abin da take yi don biyan buƙatar wasu ne. Lomar da ta ƙi kai wa baki ita ce abu ɗaya da take jin nata ne, ita ke yanke hukunci a kansa.

Duk wanda ya zauna a ɗakin duba masu larurar ƙwaƙwalwa, kamar mai wannan rubutu, ya san siffar. Uwa takan shigo da leda cike da katunan asibiti da takardun gwaji: an duba taifod, an duba olsa, an duba tarin fuka da ciwon suga, an yi ƙarin ruwa, an sha rubutu, an yi tofi. "Likita, komai lafiya aka ce, abinci ne dai ba ta ci." Yarinyar tana gefe, ana zafin bazara amma riga biyu ce a ƙarƙashin hijabinta, tafin hannunta sanyi ƙalau, bugun zuciyarta a hankali, al'adarta ta ɗauke wata da watanni. Sau da yawa ita ce ta ɗaya a ajinsu, ita ce 'yar da ba a taɓa kawo ƙararta ba. Ita ke girka wa gida tuwo, ta raba wa kowa, in an ce ina nata ta ce ta ci a kicin. Sai an ce, "Hajiya, ki ɗan ba mu wuri," an kuma yi haƙurin zama shiru, kafin a ji abin da ba ya fitowa a gwajin jini, wato tana jin yunwar sarai, amma in ta ci sai ta ji kamar ta aikata babban laifi.

Wannan haƙurin sauraro shi ne gadon Bruch. Ta ƙi salon likitan da ke zaune yana fassara wa mara lafiya ma'anar tunaninta, domin a ganinta yarinyar da ta tashi ana faɗa mata abin da take ji ba ta buƙatar ƙarin wani mai faɗa mata. Likita ya yi tambaya kamar wanda bai sani ba, ya bar ta ta gano da kanta. A 1974 ta yi gargaɗi a rubuce kan tsarin da wasu asibitoci ke bi na hana mara lafiya baƙi ko tashi daga gado sai sikeli ya nuna ƙari. Nauyi yakan hau, a sallame ta, ta koma gida ta zubar da shi, ta kuma ƙara yarda cewa ba wanda ya damu da abin da ke ranta. Daga kwalejin likitanci ta Baylor a Houston, inda ta koma a 1964, ta fitar da babban littafinta kan larurorin cin abinci a 1973, sannan The Golden Cage a 1978, wanda ta rubuta don iyaye da malaman makaranta. Ta rasu a 1984.

Akwai inda bincike ya wuce ta, kuma wajibi ne a faɗa. Bayaninta ya jingina ciwon da tarbiyya sosai, har iyaye mata da yawa suka ɗauki laifin da ba nasu ba. A 1987 masu bincike a asibitin Maudsley na Landan, ƙarƙashin Gerald Russell, suka nuna cewa matasan da ciwon bai daɗe a jikinsu ba sun fi samun sauƙi idan an sa iyalinsu cikin jinyar. A 2019 wani babban binciken ƙwayoyin gado ya gano wurare 8 a cikinsu da ke da alaƙa da anoreksiya, alamar cewa gado ma yana da hannu. Uwar da ta kawo 'yarta asibiti abokiyar aiki ce, kuma likitan da ya sa ta fita tana zargin kanta ya rasa mataimakiyarsa mafi ƙarfi.

Sannan yunwa kanta tana juya tunani. A wani gwaji da aka yi a Minnesota daga 1944 zuwa 1945, mai bincike Ancel Keys ya rage wa maza 36 masu ƙoshin lafiya abinci na wata 6, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Suka koma tara littattafan girki, suna jan loma ɗaya tsawon lokaci, suna saurin fushi, suna gudun mutane. Saboda haka hira kaɗai ba ta warkar da ƙwaƙwalwar da ke cikin yunwa. Abinci da magana tare suke tafiya, abin da Bruch ma ta yarda da shi.

Da yake yawancin waɗanda ta duba 'ya'yan masu hali ne, sai aka daɗe ana ɗaukar ciwon na Turawa masu kuɗi. Wani mai bincike, Sing Lee, ya rusa wannan a Hong Kong a 1993: fiye da rabin marasa lafiya 70 da ya bincika ba su ambaci tsoron ƙiba ba, kumburin ciki ko rashin sha'awar abinci suke kawowa hujja. A 2004 aka wallafa wani bincike kan 'yan matan sakandare 668 a arewa maso gabashin Ghana, aka samu 10 da suka rame matuƙa ba tare da wani dalili ba sai hana kai abinci, kuma dukkansu da harshen addini suka bayyana abin. Wannan ya kamata ya tsaya wa iyaye a rai. Azumi ibada ne, amma yarinyar da ta jera azumin nafila ba hutu, ba ta sahur, ta sha ruwa da dabino ɗaya ta tashi, tana kuma ramewa, tana buƙatar a duba ta. Addinin da take fakewa da shi ya ɗauke wa mara lafiya azumi.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike 36 ya nuna anoreksiya na cikin larurorin ƙwaƙwalwa mafi kisa, kuma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu da ita kansu suka kashe. Maza ma suna kamuwa. Akwai kuma 'yar'uwarta bulimiya, wadda Russell ya siffanta a 1979, inda mutum ke cin abinci mai yawa a ɓoye sannan ya tilasta wa kansa amai. Nauyinsa na iya zama daidai, sai dai a ga kumatu sun kumbura, haƙora sun zaizaye.

Duka da gori da ɗure ba sa magani, haka ma ƙwayoyin sa ƙiba irin su "sha ka fashe", waɗanda ke kumbura jiki su bar ciwon yadda yake. Suma, jiri in an miƙe, bugun zuciya da ya yi ƙasa sosai, ƙin shan ko ruwa, ko maganar gajiya da rayuwa, duk dalilai ne na zuwa asibiti a ranar. Kuma wanda ya daɗe ba ya ci, ba a cika masa ciki lokaci guda: sinadarin fosfet na jininsa na iya faɗuwa a kwanakin farko, zuciya ta tsaya. A hankali ake ƙara abincin, ana gwada jini. Asibitocin koyarwa suna da sashen likitancin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. In za a je, a tafi da duk takardun gwajin da aka yi a baya, a kuma nemi likita ya ga yarinyar ita kaɗai na ɗan lokaci kafin a shigo da iyaye.