Ku Karanta Haruffan da Ke Bayan Aisi

Yarana masu haɗa na'urori, akwai wurin da nake ganin kuna gaggawa, ina so ku ɗan sassauta. Idan aiki ya bukaci maikurokontirola, sai ku faɗi sunan gida kawai: "A ba ni STM32." Mai shago ya miƙo, ku biya, ku yi gaba. Alhali gidan nan babba ne. Ko a reshen STM32F103 kaɗai, wanda kamfanin STMicroelectronics ya fito da shi a 2007, akwai 'yan'uwa da dama, uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu Cortex-M3 ne mai gudun 72 MHz, amma kowa da halinsa.

Ɗauko ɗaya ka kanga shi a haske, ɗana. Za ka ga an rubuta STM32F103C8T6. C na nufin ƙafafu 48. Da R ne, 64 ke nan, V kuma 100. Lamba 8 ita ce girman fulash, inda furogiram ke zama, wato 64 KB. Idan 6 ce a gurbin, 32 KB ne, B kuma 128 KB. T fasalin jikinsa ne. Ita kuwa 6 ta ƙarshe, wadda kusan ba wanda ke dubawa, tana cewa aisin zai jure zafin wuri har digiri 85, mai 7 kuma har 105. Wanda zai rufe allonsa a akwatin ƙarfe kusa da inbata, a kan rufin kwano, cikin zafin bazarar Sakkwato, bai kamata ya raina wannan lambar ba.

Inda aka fi shan wuya shi ne tsakanin C8 da C6. Ƙaramin allon nan shuɗi da ake kira Blue Pill yakan zo da kowannensu, kuma a ido ba ka bambanta su sai ka karanta. Ƙafafunsu ɗaya, wurin dalma ɗaya. Sai dai C8 yana da RAM 20 KB, da USART uku, SPI biyu, I2C biyu. C6 kuwa RAM ɗinsa 10 KB ne, USART biyu, SPI ɗaya, I2C ɗaya, kuma babu TIM4 a cikinsa. A ce ka haɗa na'urar sarrafa famfon rijiyar burtsatse mai aiki da sola: layin USART ɗaya na GSM, ɗaya na mita, na uku kana leƙa abin da furogiram ke yi ta kwamfuta. Ka ɗora wannan aikin a kan C6, layi na uku ya yi shiru. Za ka kwana kana zargin waya da dalma, alhali ƙafar tana nan, abin da ke bayanta ne babu.

Ni dai na fi tsoron ƙarancin RAM a kan ƙarancin fulash. Idan fulash ya cika, manhajar haɗa furogiram za ta faɗa maka nan take, ta ƙi ci gaba. RAM ba kullum yake yin wannan gargaɗin ba. Na'ura za ta yi aiki lafiya lau a teburinka, sai ta je hannun mai ita, wani dogon saƙo ya shigo, ta sanƙare.

Akwai kuma abin da haruffa ba sa faɗa. A F103, USB da CAN suna tarayya a ɗan wurin ajiya guda mai girman bayit 512, don haka ba a amfani da su a lokaci ɗaya. Mai bukatar duka biyun sai ya haura zuwa F105. Wannan yana cikin littafin bayani na kamfanin, RM0008. Kaurinsa kada ya firgita ku, babin da ya shafe ku kawai za ku buɗe.

Shawarata, ku fara gwaji da babban, CB misali, tunda shi da C8 gurbinsu ɗaya a allo. Idan furogiram ya zauna da gindinsa, ku auna abin da ya ci, sannan ku sauko zuwa wanda ya ishe shi, a bar sarari don gyaran da mai aiki zai nema gobe. Araha ba ta ado, amma kuma biyan kuɗin ƙafafu 100 domin kunna fitila uku ba wayo ba ne.

Lokacin ƙarancin aisi na 2021, mutane da yawa sun koma GD32F103 na kamfanin GigaDevice, wanda ke shiga gurbi ɗaya har ma ya fi gudu, 108 MHz. Ba laifi ba ne a yi amfani da shi, in dai da saninka ka saya. Sai dai lokutan aikinsa na ciki ba lallai su zo daidai da na ST ba, don haka duk abin da ya danganci ƙidayar lokaci, da USB, da ADC, a sake gwada shi daga farko kafin a yi odar ɗari.