Yadda Ake Kula da Toshewar Hanci da Sarƙewar Numfashi a Ƙasar Rima

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, noman rani ya bunƙasa daga Goronyo har Wurno, sai dai kuma lokacin da manomi ya fi daɗewa a fadama, yana bugun shinkafa cikin ƙaiƙayi ko yana ban ruwan albasa da sanyin asuba, shi ne lokacin da hunturu ke kwararo ƙura daga hamadar Cadi, har mutum ya shafe wata biyu hancinsa a toshe yana cewa mura ce. Neman magani kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance, shi da ya yi talifi a ilimin ɗibbu.

Da farko a binciki sababi. A lura ko lalurar tana tsananta wurin sussuka, ko a madafa kusa da hayaƙin itace, ko da dare bayan an kunna turaren wuta da maganin sauro a ɗaki rufe. Abin da aka gano, a nisance shi gwargwadon iko. Idan aikin ya zama dole, a rufe hanci da takunkumi ko a ja amawali, a kuma tsaya ta inda iska za ta kore ƙurar gaba.

Sa'an nan wankin hanci, wanda a ganina ya fi kowace dabara amfani, ga shi kuma ba baƙo ba ne ga mai alwala. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce, a narka rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda, a shaƙa a hankali ta kafa ɗaya a fyace, a koma ɗayar, safe da yamma. Kada a ɗebo ruwan madatsa ko na magudanar ban ruwa a shaƙa ba tare da tafasawa ba, domin ruwan da ido ya ga garau yana iya ɗauke da cuta. Mai azumi ya jinkirta zuwa bayan buɗa baki, tun da malaman fiƙihu sun karhanta masa zurfafa shaƙar ruwa. Sirace da ruwan zafi yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma a kiyaye yara daga ƙuna. Wurin barci a ɗaga matashi.

Maganin ɗigawa na kemis, irin su Otrivin, kada ya wuce kwana 5, domin bayan haka shi da kansa yake kumbura cikin hancin, mutum ya yi ta ƙarawa alhali maganin ne ya zama cutar.

Amma sarƙewar numfashi, wannan babi ne dabam, kuma a nan nake roƙon mai karatu kada ya haɗa ta da mura, domin tushenta yana ƙirji: ko asma, ko nimoniya, ko tarin fuka, ko ciwon zuciya. Mai asma ya riƙa ɗaukar abin shaƙarsa har gona. Idan ta taso ya zauna a miƙe, kada ya kwanta. Tarin da ya kai mako 2, a kai majina gwajin tarin fuka, gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati. Yaro ɗan wata 2 zuwa shekara, idan numfashinsa ya kai 50 a minti, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko aka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, a kai shi asibiti ran nan. Wanda kuwa ya kasa gama magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓensa ya sauya launi, ko ƙafafunsa suka kumbura, ba a jira wayewar gari: a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa, idan sun ce a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a wuce a daren.