TSIRON MAƘOGWARO: DUSHEWAR MURYAR DA BA TA WARKEWA

A cikin wuyan ɗan Adam, daidai bayan zakaran wuya, akwai wasu tantani guda biyu waɗanda iska ke kaɗawa idan mutum zai yi magana. Da su ake samun murya, ta tsakaninsu kuma numfashi ke bi ya isa huhu. Saboda haka duk abin da ya tsira a kansu yana iya ɓata murya, idan kuma ya girma ya tare hanyar iska.

Akwai tsiro iri-iri da kan fito a wannan wuri waɗanda ba sankara ba ne, watau ba su bazuwa su ci sauran sassan jiki. Ba a cika samunsu ba, shi ya sa mutane da yawa ba su san da su ba. Amma rashin zamansu sankara bai sa sun rasa haɗari ba, musamman ga ƙananan yara, domin maƙogwaron yaro ƙunci gare shi ƙwarai.

Ire-irensu

Wanda aka fi gani a yara shi ne wanda likitoci ke kira papiloma. Ƙananan ƙuraje ne masu laushi, a cure kamar tsabar gero a jikin zangarniya. Ƙwayar cutar HPV, iri na 6 da na 11, ita ke kawo shi. Galibi jariri kan ɗauke ta daga uwarsa wajen haihuwa, amma alamun ba su bayyana sai ya kai shekara biyu zuwa biyar. Manya ma suna samunsa.

Na biyu shi ne curin jijiyoyin jini da kan fito ƙarƙashin tantanin murya a watannin farko na rayuwar jariri. Sau da yawa akan ga jan tabo irinsa a fatar fuska ko wuya. Tun daga shekarar 2008, lokacin da likitoci a Faransa suka gano cewa wani maganin hawan jini mai suna propranolol yana motsar da shi, jarirai da yawa sun warke ba tare da an yi musu fiɗa ba.

Na uku tsiron guringuntsi ne, wanda ya fi kama dattawa maza, yana kuwa girma a hankali cikin shekaru.

Alamun da za a lura da su

Alama ta farko ita ce dushewar murya wadda ta ƙi tafiya. Kukan jariri kan yi rauni, ko ya fita a shaƙe. Bayan haka sai a riƙa jin wata ƙara kamar fito duk lokacin da yaro ya ja numfashi, daga nan sai haki, da lotsawar ƙirji da ramin wuya. Mura kan dushe murya, amma cikin kwanaki kaɗan take saki. Muryar da ta wuce mako uku a dushe, lalle ne likita ya duba ta.

A nan ne iyaye da yawa kan yi kuskure. Waɗansu sukan ɗauka fuka ce, su yi ta sayen magani wata da watanni. Waɗansu kuma sukan kai yaro wurin wanzami a cire masa beli. Beli kuwa a can sama yake, a bayan ganɗa, tsiron yana ƙasa inda askar wanzami ba ta kaiwa. Abin da zai biyo baya shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ciwon kuma yana nan yana girma.

Yadda ake magani

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro yakan leƙa da wani siririn bututu mai fitila ya ga tsiron da idonsa. Sa'an nan a sa majinyaci barci, a bi ta baki a cire, ba tare da an yanka wuya ba. Akan aika abin da aka cire ɗakin bincike don a tabbatar da irinsa. Ana yin wannan aiki a asibitocin koyarwa, irin su na Zariya da Kano da Ibadan da Legas, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Ya kamata iyaye su sani cewa papiloma yakan dawo. Wani yaron sai an maimaita masa aikin sau da dama kafin ciwon ya lafa. Wannan halin ciwon ne, ba gazawar likita ba, don haka kada a fasa komawa asibiti ranar da aka ɗiba.

Rigakafi

A watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, domin kare su daga sankarar bakin mahaifa. Allurar da aka kawo tana kariya har daga iri na 6 da na 11. A Ostareliya, inda aka fara wannan rigakafi a 2007, yaran da ke kamuwa da papiloma sun ragu ƙwarai. Yarinyar da aka yi wa allurar, ta sami kariya ita da 'ya'yan da za ta haifa nan gaba.

Duk yaron da aka ji numfashinsa yana ƙara, ko aka ga leɓunansa sun canza launi, a garzaya da shi asibiti mafi kusa nan take, ko da tsakar dare ne.