Idan Ciwon Kunne Ya Gangaro Wuya

Kunnen yaro da ke zubar da mugunya ba abin sakaci ba ne. Ciwon na iya cinye ƙashin bayan kunne, mugunyar ta gangara ta taru ƙarƙashin naman wuya, kamar yadda likitan Jamus Friedrich Bezold ya bayyana a 1881. Sai wuya ya kumbura ya sage, ga zazzaɓi, haɗiya ta gagara.

Iyaye a Daura, Mai'adua ko Ɓaure kada su kira wanzami, domin ƙurjin na kwance dab da manyan jijiyoyin jini. Kada kuma a ɗiga mai a kunnen.

A garzaya babban asibitin Daura ranar da aka ga kumburin. Maganinsa allurar kashe ƙwayoyin cuta ce da tiyata, wani lokaci a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.